Yadda Za Ka Jagoranci Masu Rubuta Manhaja Har Ƙaraminsu Ya Iya Kawo Maka Mummunan Labari

Mu bakwai ne muke aiki a wani shago mai ciki biyu a bakin titin da ya tashi daga Gumel ya nufi Maigatari, kuma sana'armu ita ce rubuta manhajar waya wadda ƙungiyoyin manoma suke amfani da ita wajen rubuta bashin taki da iri da suke raba wa mambobinsu da damina, da kuma abin da kowa ya biya idan kaka ta yi. Ni ne babba a cikinmu, a shekaru da kuma daɗewa a sana'ar, saboda haka jagorancin ya faɗo a kaina ba tare da wani ya taɓa koya mini yadda ake yinsa ba. Na rubuta wannan bayani ne domin wanda ya tsinci kansa a irin matsayina, yana riƙe da matasa biyar ko goma masu rubuta manhaja a Ringim ko Dambatta ko Birnin Kudu, kuma mafarinsa wata ranar Alhamis ce da ba na mantawa da ita.

Ran nan da hantsi wakilin wata ƙungiya ya kira ni daga rumfar da suke karɓar amfanin gona, ya ce in zo da kaina domin magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wani dattijo ne ya kawo riɗinsa zai biya bashin buhu ɗaya na taki, sai waya ta nuna buhu biyu ake binsa. Na tarar da shi zaune a kan buhunsa, ya tuɓe hula ya kifa ta a gwiwa, yana riƙe da wata 'yar takarda da ya ƙunshe a leda tun farkon damina. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ɗana, ni ban yi boko ba, amma buhu ɗaya na ɗauka, a kan jakina na kai shi gida, kuma jama'a sun gani." Na durƙusa na ce, "Baba, kai ne mai gaskiya, kuskuren daga wurinmu yake." Ya yafe mana nan take, amma na lura da irin kallon da mutanen da ke kan layi suka riƙa yi wa wayar da ke hannun wakilin, kuma na san cewa an taɓa amanar da muka shekara muna ginawa.

Dalilin kuskuren sananne ne ga duk mai aiki inda sabis yake da rauni. Wakili ya danna aika, saƙon ya isa saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayananmu, amma amsar da ke cewa an karɓa ta maƙale a hanya, sai wayar ta ɗauka bai je ba ta sake aikawa, bashi ɗaya ya zama biyu. Maganinsa shi ne waya ta bai wa kowane rubutu lambarsa ta kansa tun kafin ta aika, saba kuma ta ƙi karɓar lambar da ta riga ta gani, kuma mun gama wannan gyara kafin sallar isha'i. Abin da ya hana ni barci shi ne abin da na ji washegari, cewa ƙaramin cikinmu ya ga irin wannan maimaici a rumbun bayanai mako uku kafin ranar. Da na tambaye shi dalilin shirunsa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, na gani, amma na ga kai ka rubuta wannan ɓangaren, sai na ji nauyin in ce akwai gyara a ciki." Ya kuma tuna mini, cikin ladabi, ranar da na yi wa wani abokin aikinsa faɗa a gaban kowa saboda ƙaramin kuskure. Tun daga wannan rana nake auna jagorancina da tsawon lokacin da ke tsakanin sa'ar da wani ya ga matsala da sa'ar da ta iso kunnena, kuma duk matakan da ke tafe hanyoyi ne na gajarta wannan lokaci.

Ka fara da kunya, domin a nan aikin yake

An tarbiyyantar da mu a kan cewa ƙarami ba ya haɗa ido da babba, ba ya katse shi, ba ya ce masa ka yi kuskure. Wannan tarbiyya ce mai kyau, kuma ba na goyon bayan wanda zai ce a watsar da ita domin a kwaikwayi kamfanonin Amurka. Sai dai kwamfuta ba ta san shekarun wanda ya rubuta mata umarni ba, kuma idan girmamawa ta hana a faɗi gaskiya a kan kod, wato rubutun umarnin da manhaja ke bi, to manomi ne zai biya kuɗin shirun. Muna kuwa da misali a gida wanda kowa ya yarda da shi. Idan liman ya yi mantuwa a salla, ya miƙe inda ya kamata ya zauna, wanda ke bayansa zai ce subhanallahi ko da shi ne mafi ƙanƙanta a sahu, kuma babu wanda ya taɓa kiran wannan rashin kunya, domin an riga an san cewa hanyar gyara ke nan kuma sallar ta kowa ce. Da wannan misali na buɗe zamanmu na farko bayan abin da ya faru, na ce musu a gaisuwa da cin abinci ni yayansu ne, amma a kan kod duk wanda ya ga mantuwa wajibi ne ya yi magana.

Faɗa da baki kaɗai ba ya wadatarwa, domin mutane suna karanta fuskar shugaba fiye da yadda suke jin kalamansa. Wata malama a Jami'ar Harvard mai suna Amy Edmondson ta yi bincike a asibitoci a shekarun 1990, tana tsammanin rukunin ma'aikatan da suka fi haɗin kai za su fi ƙarancin kuskuren ba da magani, sai ta tarar su ne suka fi yawan kurakurai a rubuce. Da ta bi diddigi, sai ta gano cewa sun fi sauran sakin jiki ne su faɗi kuskurensu, alhali sauran ɓoyewa suke yi. Kamfanin Google ma ya fara nazarin rukunonin ma'aikatansa kimanin 180 a shekarar 2012, kuma abin da ya fito a sahun gaba wajen bambanta rukunin da ke aiki da kyau shi ne wannan natsuwa, wato mutum ya san cewa idan ya yi tambaya ko ya amsa kuskure ba za a wulaƙanta shi ba. Saboda haka idan wata ya wuce babu wanda ya kawo maka matsala, kada ka yi murna, ka tashi ka bincika.

Abu na farko da za ka horar da kanka a kai shi ne kalmar da za ta fara fita daga bakinka idan an kawo maka mummunan labari. Ni na ɗaure wa kaina cewa "madalla da ka faɗa" ce za ta fara fita, ko da cikina ya ɗuri ruwa, sannan in tambayi mutum nawa abin ya shafa da kuma ko yana ci gaba har yanzu. Tambayar wane ne ya yi ba ta da gurbi a wannan lokaci. Hausawa sun ce babba juji ne, kuma a wannan sana'a ma'anarsa ita ce ka haɗiye ɓacin ranka na minti biyar na farko, domin waɗannan mintuna ne sauran shida suke kallo su yanke hukuncin ko su ma za su yi magana gobe.

Bayan haka ka juya tsarin magana a taro. Idan ka fara faɗin ra'ayinka, ka rufe ƙofa, domin duk wanda zai biyo bayanka "haka ne" kawai zai ce. Ka gabatar da matsala, ka fara tambayar wanda ya fi kowa sabunta, ka bi da su ɗaya bayan ɗaya, kai ka zo a ƙarshe. Ka kuma buɗe hanyar rubutu, domin akwai wanda ba zai taɓa musa maka a bainar jama'a ba amma zai rubuta maka shafi guda mai ma'ana. A wurinmu akwai mace ɗaya, kuma ta fi mu duka iya tsara rumbun bayanai, amma na daɗe ban san haka ba saboda a ɗaki mai maza shida ba ta cika magana ba. Da muka mayar da ƙa'ida cewa duk shawara babba sai an rubuta ta kowa ya yi sharhi a rubuce kwana ɗaya kafin a zauna, sai ga shi rabin gyare-gyaren da suka fi amfani daga wurinta suke fitowa.

Mataki mafi nauyi a kan zuciya, kuma mafi saurin tasiri, shi ne ka miƙa naka kod ɗin ga ƙaraminku ya duba kafin a haɗa shi da sauran. Karo na farko zai ce bai ga komai ba. Ka zauna kusa da shi ka ce, "Ƙanena, nan wurin ban natsu da shi ba, me zai faru idan sabis ya ɗauke a tsakiya?" Idan ya gano wani abu, ka gyara, ka kuma faɗa a taro cewa shi ya gano. Kamfanin Toyota na Japan ya shahara da igiyar da ke rataye a kan layin haɗa motoci, wadda kowane ma'aikaci yake da ikon ja idan ya ga aibi, shugaban rukuni ya zo da gaggawa, idan ba a warware ba layin ya tsaya. Igiyar ba ta da tsada, abin da ke da wuya shi ne shugaban da zai zo da niyyar taimako duk lokacin da aka ja ta.

Zaman bita bayan an yi ɓarna

Duk ranar da manhaja ta cutar da mai amfani da ita, a zauna cikin kwana biyu ko uku, tun abin bai dushe a ƙwaƙwalwa ba, kuma a zauna da sharaɗin cewa ba neman mai laifi aka zo yi ba. Misalin da nake ba yarana shi ne na kamfanin GitLab. A ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyansu da ya gaji da aikin dare ya yi niyyar goge bayanai a saba ta biyu mai riƙe da kwafi, sai ya ba da umarnin a kan babbar sabar, kuma kafin ya ankara ya tsayar, kusan gigabait 300 sun tafi. Da suka juya ga kwafin ajiya, sai suka tarar hanyoyi biyar da suke taƙama da su babu wadda take aiki yadda ya kamata, abin da ya cece su shi ne wani kwafi da aka ɗauka kimanin awa shida kafin ɓarnar. Sun nuna aikin farfaɗowar kai tsaye a YouTube, sannan suka wallafa cikakken bayani wanda ya mayar da hankali kan tambayoyin da suka dace: me ya sa sabobin biyu suka yi kama har mutum zai iya rikita su, kuma me ya sa babu wanda aka ɗora wa alhakin gwada kwafin ajiya.

Haka za ka tafiyar da naka zaman. Mutum ɗaya ya rubuta jerin abin da ya faru da lokutansa, daga sa'ar da aka saki canjin zuwa sa'ar da aka gano da sa'ar da aka gyara. Wanda hannunsa ya taɓa abin shi ne zai ba da labari, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma tambayar da za a yi masa ita ce abin da ya gani a fuskar kwamfutarsa a lokacin, da dalilin da ya sa matakin da ya ɗauka ya yi masa kama da daidai. Kusan kullum za ka tarar cewa duk wanda aka ajiye a kujerarsa a wannan dare zai iya yin abin da ya yi. A tashi da gyara biyu ko uku kacal, kowanne da sunan wanda zai yi shi da ranar gamawa, domin jerin gyara goma sha biyar babu wanda zai waiwaye shi. Takardar kuma a ajiye ta inda sabon ma'aikaci zai karanta.

Wani zai ce wannan sassauci ne da zai sa yara su yi sakaci. Ba haka na gani ba, amma akwai iyaka da ya kamata a faɗa ƙarara tun ranar farko. Kuskure daban, cin amana daban. Wanda ya leƙa bayanan manomi ba da dalilin aiki ba, ko ya kwashi lambobin wayar mutane ya bai wa wani, ko ya yi ɓarna ya goge sawunsa, wannan maganarsa ta hukunci ce. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta shekarar 2023 ta wajabta sanar da hukuma cikin awa 72 idan bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su, kuma ba za ka iya cika wannan wa'adi ba idan ma'aikacinka yana tsoron gaya maka abin da ya faru.

Game da kwafin ajiya, ka sa rana ɗaya a kowane wata da wani zai ɗauko kwafin jiya ya dawo da shi a kan wata kwamfuta dabam, ya buɗe ya tabbatar bayanan suna nan, kuma a riƙa karɓa-karɓa domin kowa ya iya. Manomin da ya rufe rumbu tun kaka bai sake leƙawa ba, bai san ko gara ta riga shi ba sai ranar da yunwa ta sa ya buɗe.

Saki kaɗan-kaɗan, kuma ka san kalandar mutanenka

Yawancin tsoron da ke cikin wannan aiki daga girman abin da ake saki lokaci guda yake zuwa. Idan mutum ya yi wata biyu yana rubutu shi kaɗai sannan ya kawo layi dubu uku a duba, babu mai iya dubawa da gaske, za a ce ya yi kyau ne kawai a wuce. Ka sa ƙa'ida cewa kowane canji ya zama wanda abokin aiki zai iya karantawa cikin rabin awa, a ajiye shi a Git, manhajar adana tarihin kod da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, kuma kada a haɗa shi sai mutum na biyu ya duba kuma gwaje-gwajen da ke gudana da kansu sun wuce lafiya. Wannan ƙa'ida ta hau kan kowa har da kai, ranar da ka tsallake ta saboda sauri, ranar ta mutu. Mai dubawa kuma a koya masa ya yi magana a kan rubutun, ya ce wannan layin zai karye idan ba a cika gurbin suna ba, maimakon ya ce ba ka iya ba.

Ɗora sabon aiki a kan saba kada ya dogara da ƙwaƙwalwar mutum. A ranar 1 ga Agustan 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar kimanin dala miliyan 440 cikin minti 45, saboda an ɗora sabon kod a kan sabobi bakwai cikin takwas aka manta da ɗaya, kuma babu mutum na biyu da ya bi sawu. Ko da sabarka ɗaya ce, ka rubuta matakan ɗorawa su zama umarni guda da kwamfuta za ta bi, ka kuma tanadi hanyar komawa tsohon aiki cikin mintuna kaɗan, ka gwada ta tun ba a buƙace ta ba. Sannan kada ka bai wa kowa sabon abu a rana ɗaya. A ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024, sabuntawa guda daga kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5 a duniya, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka shiga ruɗani, domin ta isa ko'ina kusan lokaci ɗaya. Mu yanzu ƙungiya ɗaya da ke kusa da mu muke fara bai wa, wadda za mu iya isa wurinta a kan babur cikin minti ashirin, sai ta kwana biyu lafiya sannan a ƙara wasu.

Kalanda kuwa ta mutanenka ce za ka bi. Ba ma sakin komai ranar Laraba da yamma saboda Alhamis kasuwar Maigatari take ci, wanda abokan cinikinsa ke Wudil ya kiyayi jajiberin Juma'a, na Gujungu ya kiyayi Asabar. Makonnin rabon taki da tsakiyar kaka ba ma taɓa komai sai gyaran dole, haka ma jajiberin salla, lokacin da rabin ma'aikata suna hanyar garuruwansu. Gwaji kuma a yi shi a kan irin wayar da wakilai suke riƙewa, mai ƙaramin ma'aji da fashasshen gilashi, a fita da ita bayan gari inda sabis yake zuwa yana ɗaukewa, domin abin da ya yi aiki a kan sabuwar wayar injiniya kusa da na'urar intanet ta ofis bai tabbatar da komai ba. Werner Vogels na kamfanin Amazon ya bayyana a 2006 cewa a wurinsu wanda ya gina abu shi ne yake kula da shi bayan an sake shi. Yadda muka ɗauki wannan shi ne kowane ɗayanmu yana wuni guda a wata a rumfar wakilai, ya tsaya cikin rana da ƙura ya ga yatsan da ya sha aikin gona yana neman ɗan ƙaramin maɓallin da shi ya zana. Gani ya kori ji, kuma ban taɓa ganin wanda ya dawo daga wannan wuni bai canza wani abu a aikinsa ba.

Wa'adi da bashin aiki

Wa'adin ƙarya shi ne babban abin da ke koya wa ma'aikata ɓoye gaskiya. Shugaban ƙungiya zai kira ka ya ce yana son sabon abu kafin ruwan farko, kai kuma saboda nauyinsa ka ce in Allah ya yarda an gama, alhali ba ka tambayi masu yin aikin ba. Daga nan duk wanda ya ga aikin ba zai kammalu ba ya san cewa faɗin haka kunyata ka ne, sai ya yi shiru har ranar ta zo. Ka saba da cewa, "Alhaji, ka ba ni zuwa jibi in zauna da yarana, zan dawo maka da abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba." Idan lokaci ya ƙure, a rage yawan abin da za a yi, kada a rage gwaji. Kada kuma ka ɗauko sababbin mutane domin ceto aikin da ya makara. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja a IBM, ya yi gargaɗi tun 1975 cewa ƙara mutane a kan aikin da ya makara ƙara masa makara yake yi, kuma lissafin a bayyane yake: mutum bakwai suna da hanyoyin magana 21 a tsakaninsu, mutum goma sha biyu kuwa 66, ga kuma lokacin da tsofaffi za su ɓata wajen koya wa sababbi. Aikin manhaja ba gayya ba ce da za a ƙara fartanya a gama kunya da wuri.

Duk lokacin da aka bi gajeriyar hanya saboda sauri, an ci bashi ne, kamar yadda Ward Cunningham ya kwatanta a 1992, kuma bashin yana ƙaruwa muddin ba a biya ba. Cin bashi ba aibi ba ne idan an rubuta shi. Muna da shafi guda da muke rubuta irin waɗannan wurare, kuma bayan an gama karɓar bashin kaka, lokacin da aiki ya lafa, muna ware makonni mu biya.

Idan kana son ma'auni, kada ka ƙirga layukan da mutum ya rubuta ko awannin da ya yi a kujera. Masu binciken DORA, wato wani rukuni da ke nazarin yadda kamfanoni ke gina manhaja da sakinta, sun daɗe suna amfani da abubuwa huɗu: sau nawa ake saki, tsawon lokacin da canji ke ɗauka kafin ya isa ga masu amfani, kashi nawa na sakin ke jawo matsala, da saurin farfaɗowa idan an faɗi. Sun kuma nuna cewa rukunonin da ke saki akai-akai su ne suka fi ƙarancin ɓarna. Mu da alli muke rubuta namu a allon bango duk ƙarshen wata, na rukuni gaba ɗaya, ba na mutum ɗaya ba.

Mutanen da za su tafi da waɗanda za su zo

Ka sa a ranka cewa wanda ya ƙware a hannunka wata rana Kano ko Abuja ko Legas za ta kira shi, ko ya samu aikin da ake biya da dala yana zaune a ɗakinsa. Kada ka riƙe shi da gori, ka sa masa albarka, domin shi ne zai turo maka wani. Abin da ke wuyanka shi ne kada wani ɓangare na manhajar ya zama mutum ɗaya ne kaɗai ya san shi, kuma kada mabuɗan saba su zauna a wayar mutum ɗaya, ko da kai ne. Duk shawara babba a rubuta ta a rabin shafi, da dalilin da ya sa aka zaɓe ta da abin da aka bari, da Hausa idan ita ce za a fi fahimta.

Akwai kuma haƙƙoƙin da idan ba ka sauke su ba duk maganar al'adar aiki iska ce. Albashi ya fita a ranarsa, idan kuma ba zai fita ba ka faɗa tun da wuri da bakinka. Sola da batir da data nauyinka ne, bai dace injiniya ya riƙa yawo da kwamfuta yana neman inda zai yi caji ba. Wanda ya kwana yana gyara ya huta washegari. Da azumi mukan fara da sassafe mu tashi bayan azahar, da damina kuma wanda ke da gona yana da safiyarsa a makon shuka da na noman farko, mun riga mun sa wannan a lissafin wa'adi.

Sababbi suna zuwa mana daga Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da ta Wudil, wasu kuma daga shirin 3MTT na horar da matasa fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta fara a 2023, wasu a waya suka koya da kansu. Makonsu na farko iri ɗaya ne. Ranar farko sabo zai karanta takardun bitarmu, kuma ta saman ita ce ta bashin buhu biyu, wadda a cikinta aka rubuta cewa ni na rubuta ɓangaren da ya karye. Rana ta biyu da ta uku zai zauna da wani ya yi ƙaramin gyara na gaske, a duba, a sake shi ga ƙungiyar da ke kusa, ya ga aikinsa a hannun mutane. Ranar Alhamis zai bi wakili kasuwa da littafi da biro, ya rubuta duk inda ya ga wani ya tsaya yana neman abin dannawa. Ranar Asabar da safe kuma nakan tura masa kod ɗina, in jawo kujera kusa da tasa, in tambaye shi abin da zai faru idan sabis ya ɗauke a tsakiya.